Raƙumin Yana Kano, Na'urar Tana Turai: A Ina Za Ka Yi Digirin Digirgir?

Wani ƙanena a unguwa ya gama karatun injiniyan kanikanci, ya yi bautar ƙasa, sai ya same ni a ƙofar gida bayan sallar isha'i da takardu biyu a hannu. Ɗaya ta neman gurbin digiri na biyu ce a nan gida, ɗayar kuma jerin jami'o'in Turai ne da ya tsinto a intanet. Burinsa ya zama malamin jami'a mai bincike a kan yadda jikin dabba yake ɗaukar nauyi yake motsi, da yadda ake kwaikwayon ƙashi da ƙaho da fata a ƙera sababbin kayayyaki. Ya ce, "Yaya, in zauna ko in fita?" Na ce masa hanyoyin uku ne, kuma ta ukun da bai rubuta ba ita na fi so ya duba da kyau. Abin da muka tattauna a daren nan shi na faɗaɗa a nan, domin na san akwai irinsa, maza da mata, daga fannin likitan dabbobi da ilimin halittu da kimiyyar lissafi.

Fannin yana da ɓangare biyu. Na farko yana auna dabba tana raye: tafiyarta, gudunta, nauyin da kowace ƙafa take saukewa a ƙasa. Na biyu yana ɗaukar abin da jikin ya gina, ya leƙa cikinsa, ya tambayi dalilin ƙwarinsa. Ƙashi misali ne mai kyau. Wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa ma'adini ne mai gautsi, sauran kuma zare ne mai danƙo da ruwa, amma da suka haɗu sai ga abin da ba ya karyewa da sauƙi. Maɗaurin Velcro da ke jikin takalman yara daga irin wannan kallo ya fito. Wani injiniyan Suwizalan, George de Mestral, ya ga ƙaya irin ta ƙarangiya ta maƙale a gashin karensa a 1941, ya duba ta a madubin ƙara girma, ya ga ƙananan ƙugiyoyi. Tsakar da muke bi da takalmi a bangon ɗaki kuwa, a shekarar 2000 Kellar Autumn da abokan aikinsa suka auna ƙarfin gashi ɗaya tak na tafin ƙafar wani nau'inta, aka gane ba wani danƙo take fitarwa ba, dubban ɗaruruwan siraran gasu ne suke kama bango.

Abin da ya fi shafar mu shi ne, an yi manyan ayyuka a fannin nan a ƙasar Afirka da dabbobin Afirka. A 1982 McNeill Alexander na Jami'ar Leeds da Geoffrey Maloiy na Jami'ar Nairobi da wasu suka nuna yadda jijiyoyin ƙafar raƙumi suke miƙewa su dawo kamar roba, su rage masa wahalar tafiya. A 1986 Maloiy da abokansa suka wallafa a mujallar Nature cewa wasu matan Kenya suna ɗaukar kaya a ka har kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu ba tare da jikin ya ƙona ƙarin kuzari ba. Duk wanda ya ga mai tallar fura tana ratsa Ƙofar Wambai da ƙwarya a ka ya ga wannan binciken da idonsa, bai dai auna ba.

Ma'aunan da za ka ɗora kowace hanya a kai

Na farko na'ura. Wannan fanni ba a yin sa da allo da alli. Kana buƙatar injin da zai ja jijiya ko ya matse ƙaho yana rubuta ƙarfin da aka sa har abin ya tsinke. Kana buƙatar madubin ilektiron mai nuna abin da ya fi silin gashi ƙanƙanta sau dubu, da na'urar hoton ciki da ke yanka ƙashi gunduwa-gunduwa a kwamfuta ba tare da an taɓa shi da wuƙa ba. Mai auna dabba tana raye kuma yana son kyamara mai saurin ɗauka da faifan da ake binnewa a ƙasa dabba ta taka ya auna nauyi. Kada ka tambayi jami'a ko tana da injin. Ka tambayi ɗalibin da ke can yaushe rabon da a kunna shi, kuma wa yake riƙe da mukulli.

Na biyu malamin da zai duba aikinka. Sunansa ya fi sunan jami'a muhimmanci, domin fannin ƙarami ne, kowa ya san kowa. Na uku samun dabba da samfuri. Sai kuɗi, sai shekarun da za ka ci. Na shida shi ne wanda matasa suke tsallakewa: ɗorewa. Abin da ka koya zai rayu a hannunka bayan shekara goma, a wurin da za ka zauna da iyalinka? Na ƙarshe haɗari, wato abin da zai iya rushe shirin ba da laifinka ba.

Hanya ta farko: ka yi duka a gida

Ta fuskar dabba da samfuri, ban san wani gari a Turai da zai kama ƙafar Kano ba. Ka je Abbatuwa da sassafe kafin rana ta yi zafi. Za ka tarar da ƙafafun raƙuma da na shanu a jibge, ƙahoni tsibi guda, kofatai, fatu ana ta jansu zuwa wajen masu saye. In ka gaida mahauta yadda ya kamata, ka gabatar da kanka ga shugabanninsu, ka yi musu bayani, abin da wani ɗalibi a Jamus zai yi wata shida yana rubuta takardun neman izini a kansa kai za ka samu kafin ƙarfe tara. Ka juya ƙafar raƙumi ka danna tafinta da babban yatsa. Ba kofato ba ne irin na doki. Matashi ne mai laushi da ke bajewa idan nauyi ya sauka, shi ya sa ba ya nutsewa a rairayi. Ga majema a cikin gari suna jima da bagaruwa kamar yadda iyayensu suka yi, ga kamfanonin fata a Sharaɗa da Challawa, ga kasuwar shanu a Wudil ranar Juma'a, ga raƙuma a Maigatari ranar Alhamis. Fatar jan akuyar Sakkwato da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, ta hannun fatakenmu ta ƙetare Sahara.

Wuraren karatu ma akwai. Jami'ar Bayero tana da tsangayar injiniya da sassan kimiyyar halittu, da Cibiyar Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa. Zariya tafiyar awa biyu ce ko ƙasa da haka, can akwai tsangayar likitan dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da sashen injiniyan ƙarafa da kayan ƙira, ga kuma cibiyar binciken fata ta ƙasa, NILEST, a Samaru. Wanda zai iya nisa kaɗan ya duba Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka a Abuja, wadda aka buɗe a 2007, tana da ƙarfi a kimiyyar kayan ƙira. Farfesa Wole Soboyejo, wanda ya yi suna a binciken kayan da ke kwaikwayon halitta, ya taɓa shugabantar ta.

Kuɗi a nan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma in Allah ya sa ka samu aikin koyarwa tun daga matakin farko, kana karatu kana karɓar albashi, shekarun aikinka suna tafiya. Sai dai kuɗin gwaji yawanci daga aljihunka zai fita: sinadarai, man janareta, kuɗin mota zuwa wani gari inda aka ce injinsu yana aiki.

Matsalar ita ce malami da na'ura. Da wuya ka samu wanda wannan fanni shi ne sana'arsa. Abin da akan yi shi ne a haɗa maka injiniya da masanin ƙirar jikin dabba, kai ne za ka zama igiyar da ta ɗaure su. Yana yiwuwa, amma sai mai naci. Na'ura kuwa na ɗanɗana da kaina. Na taɓa tara jijiyoyin agara na shanu har na mako uku, kowace na naɗe ta a ƙyalle mai ruwan gishiri, na rubuta mata lamba, na jera a firiza a wani ɗakin gwaji. Aka yi hutun salla, wuta ta ɗauke, ba wanda ya tayar da janareta. Da na buɗe ƙofar firizar ranar da aka dawo, warin da ya buge ni ya isa ya gaya mini aikin ya tafi. Na zauna a kan kujera na kasa cewa komai. Jijiya in ta lalace ko ta bushe, duk lambar da injin zai ba ka ƙarya ce.

Sai lokaci. A takarda digiri na biyu shekara ɗaya da rabi ne zuwa biyu, digirgir shekara uku. A zahiri kowa ya san yakan zarce. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Amma ta fuskar ɗorewa wannan hanya tana da wani abu da ba a saye: duk abin da ka iya, da kayan da ke hannunka ka iya shi, ba wanda zai ƙwace maka.

Hanya ta biyu: ka fita gaba ɗaya

Manyan gidajen fannin suna waje, wannan ba abin musu ba ne. A Ingila akwai ɗakin binciken ƙira da motsi na Kwalejin Likitan Dabbobi ta Landan, inda John Hutchinson da abokansa suka nuna a 2011 cewa a cikin matashin kitsen ƙafar giwa akwai wani ƙashi mai kama da yatsa na shida da ke taya ta ɗaukar nauyi. A Jamus akwai cibiyar Max Planck da ke Potsdam, inda Peter Fratzl ya daɗe yana binciken ƙashi da itace. Wasu gwaje-gwajen ma sai a wata babbar na'ura mai zagaye da ke fitar da haske mai ƙarfi domin leƙa cikin abu, irin ta Grenoble a Faransa, kuma har yau babu irinta ko ɗaya a nahiyar Afirka. Wanda ya zauna a irin waɗannan wurare yana koyon abin da littafi ba ya bayarwa: yadda ake tsara gwaji, yadda ake rubuta maƙala ta shiga babbar mujalla, yadda ake neman kuɗin bincike.

Kuɗi shi ne shingen. Tun da aka saki farashin Naira a tsakiyar 2023, zancen ɗan talaka ya biya wa kansa ya mutu. Kuɗin makaranta na digirgir a fannin kimiyya a Ingila yakan haura fam 20,000 a shekara ga baƙo, ban da ci da haya. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin makaranta, amma wanda ba shi da tallafi sai ya nuna kusan Yuro 12,000 na shekara guda a asusu kafin a ba shi biza. Don haka shawarata a nan ɗaya ce: kada ka sayar da filin gado ka tafi digirgir. Ka nemi gurbin da za a biya ka. A Jamus da Holan da ƙasashen arewacin Turai, ɗalibin digirgir sau da yawa ma'aikaci ne mai albashi. A Amurka akan yafe kuɗin makaranta a ba ka alawus kana taya koyarwa ko bincike, sai dai can shekara biyar zuwa shida ne, Ingila kuwa uku zuwa huɗu. Akwai tallafin karatu na Commonwealth, ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, akwai na DAAD, hukumar tallafin karatu ta Jamus. Malaman jami'a sun daɗe suna fita ta hannun TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, amma asusun ya dakatar da tura sababbin malamai waje daga farkon 2025.

Mai iyali ya lura: tun Janairun 2024 Ingila ta hana masu digiri na biyu na aji tafiya da mata da yara, amma masu digirin bincike ba ta hana su ba. Dokokin biza suna sauyawa, ka duba su a watan da za ka nema.

Inda nake jin tsoron wannan hanya shi ne ɗorewa. Malaminka yana da kuɗin bincike a kan wata dabba da ta dame shi, ƙwaron teku ko tsuntsun da ba ka taɓa gani ba, kuma a kanta za ka yi shekara huɗu. Ka dawo Kano da hannun da ya saba da na'urar da kuɗinta ya fi kasafin sashenku na shekaru. Na ga masu ƙwazo sun dawo sun yi shekara biyu suna jiran kayan aiki, daga nan suka haƙura suka koma koyarwa kawai. Wanda ya ƙi dawowa kuma, ya shiga jerin masu kwantiragin shekara biyu ko uku, daga wannan ƙasa zuwa waccan, kujerun dindindin kaɗan ne masu nema da yawa. Iyaye suna tsufa a gida. Wannan ma farashi ne, ko da ba a rubuta shi a takardar shiga ba.

Hanya ta uku: rajista a gida, wata shida zuwa shekara a waje

Nan zuciyata ta fi kwanciya. Ka yi rajistar digirgir a jami'ar gida, ka tsara tambaya a kan dabbar gida, ka yi duk abin da za a iya yi a nan, sannan ka tafi ɗakin gwajin waje da aikin da na'urarsu kaɗai za ta iya. Hukumar Commonwealth tana da tallafi na musamman domin wannan, har wata 12 a wata jami'ar Ingila. DAAD tana da tsarin malamai biyu, ɗaya a gida ɗaya a Jamus. Cibiyar TWAS mai tallafa wa kimiyya a ƙasashe masu tasowa, da ke Trieste a Italiya, ma tana tura ɗalibai na ɗan lokaci zuwa ƙasashe masu tasowa da suka yi nisa a kimiyya.

Abin da za a iya yi a gida ya fi yadda ake zato. Wayoyi da dama yanzu suna ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa, wanda ya isa a bi tafiyar raƙumi ko jaki ɗauke da mangala. Manhajojin nazarin bidiyo da hoto da motsin jiki irin su Kinovea da ImageJ da OpenSim kyauta ne. DeepLabCut, da ta fito a 2018, tana koya wa kwamfuta bin gaɓoɓin dabba a bidiyo ba tare da an manna mata komai a jiki ba. Tambayoyin kuma suna nan birjik. An san ƙaho da kofato suna sauya hali da danshi: jiƙaƙƙe ya fi lanƙwasuwa, busasshe ya fi tauri ya fi saurin tsagewa. To me ke faruwa da kofaton shanunmu tsakanin tsakiyar hunturu, lokacin da ƙafar mutum ma take kaushi, da watan Agusta? Me jimar bagaruwa take yi wa zaren da ke cikin fata wanda jimar kamfani ba ta yi? Wace irin karkiya ce ta fi sauƙi a wuyan shanun huɗa? Mai irin wannan tambaya ba roƙo yake zuwa yi a waje ba, da hajarsa ya je.

Wahalarta ba kaɗan ba ce. Malamai biyu suna iya saɓawa, kai ne a tsakiya. Jinkirin gida yana iya cinye wa'adin tallafin. Shigar da sassan dabba Turai yana da tsauraran dokokin lafiya, na wasu dabbobin daji kuma sai da izinin CITES, yarjejeniyar duniya mai sa ido kan fataucinsu, don haka a fara zancen takardu tun kafin a yanka samfuri na farko. Sannan abin da na fi jaddada wa ƙanena: a yi magana a rubuce tun farko a kan sunan wa zai zo gaba a maƙala, da inda bayanan za su zauna. In ba haka ba sai ka wayi gari ka zama ɗan aiken da ya kai ƙafar raƙumi, wasu suka yi suna da ita.

| Ma'auni | Gida gaba ɗaya | Waje gaba ɗaya | Rabi da rabi |
|---|---|---|---|
| Na'ura | Kaɗan, sai an yi yawo | Cikakkiya | Cikakkiya na 'yan watanni |
| Malami masanin fannin | Sai an haɗa biyu | Akwai | Ɗaya a nan, ɗaya a can |
| Dabba da samfuri | A ƙofar gida | Abin da malami ya zaɓa | Naka, amma da takardun fitarwa |
| Kuɗi | Sauƙi, gwaji daga aljihu | Sai da cikakken tallafi | Matsakaici |
| Lokaci | Yakan zarce | Shekara 3 zuwa 6 | Ya danganta da gida |
| Ɗorewa a Kano | Mai ƙarfi | Mai rauni | Mafi ƙarfi |
| Babban haɗari | Yajin aiki, wuta | Biza, rashin dawowa | Saɓanin malamai, jinkiri |

Wa ya dace da wace?

In kana da aikin koyarwa a hannu, ga mata da yara, ga iyaye da ke kallonka, ka riƙe kujerarka ka bi ta uku. Haka 'yar'uwar da gida ba za su lamunci shekara huɗu a ƙetare ba amma za a iya shawo kansu a kan wata shida ko tara. Ki fara da gina tambayar da bidiyo da sassan Abbatuwa za su amsa rabinta.

Matashin da ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya, ba nauyin kowa a kansa, kuma abin da yake so shi ne can cikin ƙwayar abu inda sai madubin ilektiron, ya fita gaba ɗaya in ya samu gurbi mai albashi. Amma ya roƙi malaminsa babi ɗaya a kan samfurin gida, ya kuma koyi lissafin kwamfuta sosai, domin shi ne kaɗai kayan aikin da zai shiga jakarsa ranar dawowa.

Likitan dabbobi da ke son sanin abin da ke sa dokin sukuwa ɗingishi ko abin da kaya ke yi wa bayan jaki, gida ya ishe shi, da kyamara da haƙuri da abokin aiki injiniya. Wanda hankalinsa yake kan masana'antar fata shi ma ya tsaya tsakanin Kano da Zariya.

Shi ƙanena bai da aiki tukuna, bai kuma da tallafi. Mun tsaya a kan ya sayi fom ɗin digiri na biyu a gida, kada shekara ta wuce a banza. Ranar Alhamis ta sama kuma zai bi motar Maigatari da wayarsa da sanda mai tsawon mita ɗaya da zai ajiye a ƙasa domin awo, ya nemi izinin masu raƙuma, ya ɗauki tafiyar guda goma daga gefe. In ya fitar da lambobin, zai rubuta wa malamai uku a waje gajeriyar wasiƙa, ya haɗa da bidiyon.